Mai Girma Ya Kusa Goge Kujerarsa a Gidan Wanki

Jama'a, yau da safe ramin bakin titinmu ya sake cinye min taya. Na tura motar gefe, na faɗa gidan wankin Doña Remedios don in huce. Ashe rabon dariya ne ya kai ni.

Sai ga Mai Girma Wakilinmu, Allah ya ja zamaninsa, ya shigo neman ƙuri'a, masu ɗaukar hoto na biye. Ya tsaya tsakanin injinan wanki ya ɗaga murya: daga yanzu, in an zo ƙidayar rabon kujerun majalisa, 'yan ƙasa kaɗai za a lissafa.

Na waiga hagu, na waiga dama. Duk ɗakin, ban da shi da tawagarsa, ni kaɗai ne ɗan ƙasa; sauran duk daga ƙasashen waje suka zo. Ni, Orville, da ko karen gidana ba ya jin maganata, na wayi gari na zama al'umma guda! Nan take na gyara tsayuwa.

Maƙwabcina Thuan, bakanike, ya zungure ni. "To, Jama'ar Unguwa, tunda mu ba ma nan, gobe kai za ka fitar da shara."

Doña Remedios kuwa ba ta yi dariya ba. Tun ina saurayi ta zo daga garinsu Oaxaca, can ƙetaren iyaka, a nan ta aurar da 'ya'ya, a nan ta binne miji. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba ni nan, wa ya goge rigar da ke jikinka?"

Kafin ya amsa, mai ba shi shawara ya matso yana raɗa, ya manta lasifikar da ke hannun Mai Girma na kunne: "Yallaɓai, a hankali. Saboda yawan mutanen nan aka ƙara wa jiharmu kujerar da kake kai."

Wayyo cikina! Nan take Mai Girma ya rungumi Thuan, ya ɗauki jaririn wata yana kiransa ginshiƙin dimokuraɗiyya. Saura kaɗan ya gaida injin busarwa. Irin wannan saurin fahimta, sai manya.

Kafin ya fita ya yi alkawarin kafa kwamiti, da motoci da masauki, don a binciko ko maƙwabtana suna nan.

Doña Remedios ta ce kwamitin ya zo ranar Lahadi da yunwarsa, za ta dafa tamale, wato alalar masara irin ta garinsu. In sun ci sun ƙoshi, sai su je su shaida wa majalisa cewa aljanu ne suka yi girkin.