Yadda Za Ka Hana Ɗanka Tafiya Har Kakarsa Ta Sauko Daga Dutse

Kai da ɗanka ya miƙe ya fara takawa tun ba a yi bikin yanke masa dabaibayi ba, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Ni Ulukbek, mai gyaran firji a Bishkek, na ɓoye tafiyar yaro har kwana goma sha tara. Duk wanda ya bi matakan nan bakwai sau da ƙafa, na lamunce masa asirinsa ba zai tonu ba.

Ka dai san yadda ake yi: a ɗaure ƙafafun yaro da zaren ulu fari da baƙi, yara su yi tsere, wanda ya zo na ɗaya ya yanke zaren, sannan yaro ya taka a gaban jama'a. To mahaifiyata, Apa, tana can kan dutse a At-Bashi da tumakinta, ba ta saukowa sai ciyawa ta bushe. Idonta kuma kullum raguwa yake yi. Bara da kanta take zura zare a allura, bana sai ta laluba kofin shayi. Ranar da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce, "Ulukbek, abu ɗaya nake roƙo, in ga takun jikana Sanjar na farko tun idon nan yana gani." Na ce na yi alkawari. Kuskurena ɗaya, ban shawarci Sanjar ba.

Mataki na ɗaya: Ka ƙaryata idonka

Wata safiya yaron zai saki ƙafar kujera ya nufi kwanon boorsok, taku huɗu cur, don ya hango soyayyiyar fulawa babu mai gadi. Matarka za ta saki ludayi. Tawa, Gulzat, har tsalle ta yi.

"Baban Aiperi, ya taka! Wallahi ya taka!"

"Bai taka ba. Faɗuwa ya yi a hankali."

"Har taku huɗu?"

"Doguwar faɗuwa ce."

Ka ɗaure fuska ka tsaya a kan bakanka. Na yi bincike mai zurfi na gano cewa takun da kaka ba ta gani ba gwaji ne kawai, ba ya shiga lissafi. In farin ciki ya ci ƙarfinka, ka shiga banɗaki ka rufe ƙofa ka yi abinka. Ni har ƙwalla na yi, na fito na ce sabulu ne.

Mataki na biyu: Ka riƙe kalma ɗaya

Kalmar ita ce "Zauna!" Da ya miƙe, ka daka ta da ƙarfi, ka bi shi ka sure shi ka dire a ƙasa. Zai ƙyalƙyale da dariya. Kafin kwana uku, da zarar ya ji ta sai ya zabura ya arce, yana waiwaye ko kana biye. Gulzat ta ce wai gudu nake koya masa. Kada ka saurari irin wannan magana, masu hassadar ilimi suna da yawa, wasu ma a cikin gidanka suke.

Mataki na uku: Ka tuna akwai mutum a ƙarƙashinka

In a hawa na huɗu kake kamar ni, daɓen ɗakinka rufin wani ne. Namu rufin Gwaggo Burul ne, tsohuwar da ke jin faɗuwar cokali daga hawa na tara, ga lambar wayar Apa a kanta. Ta tare ni a matakala.

"Ɗan nan, wa ke sukuwa a kan kaina tun safe?"

"Kyanwa ce, Gwaggo."

"Kyanwa mai dariya? Allah ya raya ta."

Ka kwaso duk dardumar ulun da aka kawo wa matarka lokacin aure, ka shimfiɗa rufi uku. Sannan ka sauka ka duba firjin tsohuwar ko da lafiyarsa ƙalau.

Mataki na huɗu: Ka ja babbar 'yarka a jiki

Ka durƙusa a gabanta, ka ba ta alewa, ka ce wannan sirri ne na mutanen gida. Aiperi shekararta huɗu, ta gyaɗa kai kamar wadda aka naɗa sarauta. Washegari a wurin mai burodi ta ɗaga murya ta ce, "Kawu, muna da sirri a gida! Sanjar yana tafiya, amma ba a faɗa." Kada ka damu. Ai ta faɗa masa ba a faɗa.

Mataki na biyar: Ka cika allon waya da fuskarka

Ranar Juma'a Apa takan hau tudun da ake samun layi, ƙanena ya riƙe mata waya mu ga juna. Ka matso da wayar dab da hancinka yadda babu abin da zai bayyana sai kai.

"Wani abu ya gifta ta bayanka."

"Labule ne, Apa."

"To. Ka ga abin da na kaɗa."

Sai ta ɗago zaren, fari da baƙi a murɗe. Ta ce kwana uku ta yi tana kaɗa shi da laluben hannu, farin daga tunkiyarta mai kunne ɗaya, baƙin daga ragon da ta ware don bikin. A nan ne zuciyarka za ta karye, ka ji gaskiya ta taso maka har maƙogwaro. Ka haɗiye ta. Ka ce layi yana yankewa.

Mataki na shida: Ranar biki, ka dubi takalminka

Apa ta sauko, aka yanka ragon, ƙamshin beshbarmak, dafaffen nama da taliya, ya cika farfajiyar bene. Aka shimfiɗa farin ƙyalle mai tsawo. Sanjar a wannan bakin, ni a bayansa, Apa a kan kujera a wancan bakin. Ita da kanta ta ɗaura masa zaren kafin a kai ta mazauninta. Yara suka yi tsere, 'yar ƙanwar Gulzat ta zo ta ɗaya tana haki, aka ba ta wuƙa ta yanke. Jama'a suka zuba ido.

Sanjar ya dubi taron, ya yi zaman dirshan, ya tsinki ciyawa ya kai baki.

Aka kira shi, aka tafa masa, aka nuna masa boorsok. Ko gezau. Apa kuwa ta miƙa hannu biyu tana murmushi, tana kallon wajen da aka ce mata yana nan. Na ga hannayen nan sun gaji amma ta ƙi saukewa. Tsoro ya kama ni. Kwana goma sha tara ina danne yaro a ƙasa, yau ga shi ya ji maganata a ranar da ba na so, kuma wa ya san abin da idonta zai gani baɗi.

Sai muryar Aiperi ta ratsa wurin.

"Kaka, ba haka ake tada shi ba! Sai Baba ya ce masa zauna, sai ya gudu. Kullum haka suke yi."

Gwaggo Burul ta yi tari. Gulzat ta rufe fuska da ɗankwali, kafaɗunta suna girgiza. Ni na dubi takalmina, kai ma shi za ka duba.

Mataki na bakwai: Ka bi umarnin uwarka

Apa ba ta sauke hannu ba. Ta ce, "To, Ulukbek, me kake jira? Faɗa masa mana."

Na buɗe baki a gaban dangi da surukai da maƙwabta na daka, "Sanjar, zauna!"

Yaro ya zabura, ya ƙyalƙyale, ya arce daga gare ni a kan farin ƙyallen nan, hannu sama, ya faɗa jikin kakarsa har kujera ta yi baya. Wuri ya kaure da ihu. Ta rungume shi, ta kama tafin ƙafarsa tana shafawa da babban yatsa, sannan ta yafuto ni.

"Ƙafar nan ta kwana biyu da sanin ƙasa."

"Apa, ki yafe ni. Na so in cika miki..."

"Rufe min baki. Daga can nesa ban ga komai ba sai hazo. Amma taku ukun ƙarshe na gan su sarai, har da yawun bakinsa. Waɗannan nawa ne, sun ishe ni." Ta jawo kunnena ta rage murya. "Kai ma kwana goma ka yi kana yawo kafin ubanka ya dawo daga kiwo. A cikin baho na riƙa ajiye ka. Har Allah ya karɓi ransa yana ba mutane labarin yadda ka fara takawa a gabansa."

Na tsaya baki buɗe. Ta ce in rufe, in je in zuba wa baƙi shayi.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: ciwon baya, dariyar surukai, maƙwabciyar da har yau take tambayar lafiyar kyanwa, ko yaron da ba ya jin "zauna" sai ya ruga. In asirinka ya tonu, matakai ba su da laifi, kai ne ka haifi mai magana. In kuma kana da ƙorafi, ka kai At-Bashi wurin Apa. Ita ta fara sana'ar, kuma ita ba a taɓa kama ta ba.