Kazar Dije Ta Shiga Gaban Mota

Jama'a, ku taya ni godiya ga manyanmu, masu tausayin duk abin da ke da gashi ko ƙaho. Ni Albarka, da nake zaune a wani ɗan ƙauye gefen Gwandu, na ga wannan tausayi da idona ranar wata Talata, kuma har yanzu bayana bai daina ciwo ba.

Ranar ce motar masu yi wa shanu allura ta zo mana. Lori ce sabuwa fil, tana sheƙi, ga babbansu a gaba da farar riga da biro uku a aljihu. Sunansa ba mu sani ba, mu dai Sarkin Hatimi muke ce masa, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya laluba aljihu kamar zai buga mata hatimi. Maƙwabcina Hamidu yana cikin masu kayar da shanu. An ɗaure wani jan bijimi, an ja igiya, bijimin ya zo ƙasa gaba ɗaya a kan ƙafar Hamidu. Ƙas! Har ni da ke can gindin tsamiya na ji ƙarar.

Sarkin Hatimi ya taso da sauri, Allah ya saka masa, ya ce, "Subhanallahi! Bijimin bai ji ciwo ba ko?"

Bijimi lafiya lau, ya tashi ya kaɗa wutsiya. Hamidu kuwa ƙaurinsa ya lanƙwashe a wurin da Allah bai sa gaɓa ba. Na tsorata ƙwarai, ba na ɓoye muku. Mutum ne mai 'ya'ya shida da gona guda, ga damina a bakin ƙofa. In ƙafar nan ta tafi, gidan ya tafi.

Wasu suka ce a ja ƙafar, wasu suka ce a tsayar da shi a gani ko zai taka. Sai ga yayarsa Dije ta dire ƙwaryar nononta, ta daka musu tsawa: "Wanda duk yat taɓa shi, ni da shi!" Ta sa aka karyo kara masu kauri, ta jera su gefe da gefen ƙafar yadda take, ta yage rawanina, nawa fa, na Sallah, ta ɗaure sama da ƙasan karayar. Aka ciro ƙyauren ɗakina aka kwantar da shi a kai. Kun ga dai rabon da na bayar.

To, sai ina? Ɗakin maganin da aka gina mana yana nan da kwado, mai mabuɗin ya tafi taryen wani babban baƙo tun Lahadi. Motar marasa lafiya kuwa, wadda masu manyan riguna suka yi mana alkawari shekara uku da suka wuce suna neman mu tsaya a bayansu, an ce tana kan teku. Jirgin nan dai Allah ya kawo shi, ko da turawa ake yi. Saura Malam Jibrin maɗori, can Kalgo, tafiyar kwana biyu a jaki. Dije ta taɓa yatsun ƙafar ta ce sun fara sanyi, ba za su kai kwana biyu ba.

Na je na durƙusa gaban Sarkin Hatimi. "Ranka shi daɗe, tunda can wajen za ku, a taimaka a aza muna shi bayan mota."

Ya buɗe wani littafi, ya karanta mini a hankali, kamar mai biya wa kurma: motar nan ta dabba ce marar lafiya, da mai ita, da masu riƙe ta mutum biyu. Ya ce zuciyarsa na tare da mu, amma Hamidu ba dabba ba ne. Hamidu daga kan ƙyaure ya ce wallahi shi ya yarda a rubuta shi jaki. Aka ce a'a, ƙarya ba ta shiga takarda.

Ana cikin haka Dije ta ɓace, ta dawo da wata baƙar kaza a hammata. Wanda bai sani ba, al'adar maɗoranmu ce ka zo da kaza. Malam zai karya ƙafarta, ya ɗora ta tare da taka, ranar da ta taka kai ma ka taka.

"Ga dabba," in ji Dije. "Ta Hamidu ce. Ni da Albarka mu ne masu riƙo."

Sarkin Hatimi ya gyara tabarau. "Mi ka damunta?"

"Karaya."

Ya sa aka ajiye kazar. Ta yi taku uku, ta tsattsagi ƙasa, ta kama wata fara. Ya ce, "Baiwar Allah, wagga kaza ƙalau take."

"Yanzu kam," in ji Dije. "Bari mu isa Kalgo ka gani."

Mutumin nan ya dubi littafi, ya dubi kaza. Can fuskarsa ta washe, ya ce, "Af! Rigakafi ke nan! Ai aikinmu ne, a tari cuta tun ba ta zo ba." Dum, hatimi ya sauka. Ina gaya muku, ilimi daɗi ne.

Sai dai littafin ya ce kada a jijjiga marar lafiya. Saboda haka kaza ta shiga gaba a cinyar Dije, kan kujera mai laushi, mai ita kuma aka tura shi baya tsakanin igiyoyi da durom ɗin magani. Ni na rungume ƙafar tun daga Gwandu har Kalgo, duk ramin da muka faɗa Hamidu ya ambaci Allah, ni in ambaci masu gyaran hanya. Sau biyu aka tsaya a ba kaza ruwa, mu ma muka samu a albarkacinta.

Da la'asar muka isa. Malam Jibrin ya kwance rawanina, ya duba, ya ce wanda ya yi ɗaurin nan ya ceci ƙafar, da an ja ta ko an kwana a hanya da sai dai wani zance. Ya yi aikinsa. Hamidu ya yi ihu, kaza ta yi nata, nata kawai aka rubuta.

Kwana arba'in da 'yan kai kaza ta dafa ƙasa, Hamidu ya miƙe da sanda. Jiya na gan shi a gona yana ɗingishi a bayan 'ya'yansa, yana yi musu faɗan noma, na tsaya ina dariya hawaye na zubo mini. Makon nan kuma takarda ta zo daga ofis, da hatimi biyu, ana tambayar jikin kaza, ana kuma gargaɗin kada a yanka ta sai an zo an duba. Na Hamidu ba a tambaya ba, amma ya ce a gaishe su.

Ana ta cewa mun kusa samun mulkin kanmu. Madalla. Kafin ya iso dai, in kun gan ni ina yawo da zakara a hammata, kada ku taya, ba na sayarwa ba ne. Gwiwata ce ta fara ƙara.