Alhaji Haladu da Gilashin Padel

Wani mutum ne a Kaduna, Alhaji Haladu mai sayar da tayil, wanda ba a taɓa kawo zancen wani abu ya ce bai sani ba. Shekarar da aka buɗe filin padel a unguwarsu, ko bara ko bara waccan, sai tsofaffin ma'aikata suka kafa ƙungiya suna neman kyaftin. Wasa ne na mutum biyu-biyu, ana buga ƙwallo da wani faifai mai mariƙi da ake kira raket, raga a tsakiya, bangon gilashi a kewaye.

"Padel?" in ji Haladu. "Ai a Sifen har gajiya suka yi da ni. Ni na koya musu riƙon raket."

Aka ce to, ranar Asabar ya gwada, kujerar tasa ce in ya ci. Aka haɗa shi da Malam Tukur, tsohon hedimasta, su kara da Hajiya Talatu da ƙanwarta, waɗanda sati biyu ke nan da farawarsu.

Haladu ya shigo da babbar riga. Ya ƙwanƙwasa gilashin, ya girgiza kai. Mutumin da ya shekara talatin yana hana yara taɓa kayan fashewa, ai ya san aikinsa.

"Tukur, ka bar mini baya. Babbar doka ita ce kada ƙwallo ta taɓa gilashin nan."

"Alhaji, na ga kamar bari ake ta bugi bangon ta dawo."

"Wasan ƙauye ke nan."

Hajiya ta buga. Haladu ya baza riga ya tare da ƙirji, tim. Ta sake, ya tare da ciki. Ta uku a goshi, ƙwal, hula ta yi nata wuri. A dokar wasan kuwa, duk tarewa da jiki ci ne a kansu. Aka tashi ba su ci ko ɗaya ba, amma gilashi lafiya lau.

"Iskar nan ba irin ta Sifen ba ce," in ji shi yana haki. Ya juya a fusace zai fice. Garam! Ya ci karo da gilashi. Ya koma hagu, garam. Ya tsaya yana shafa bango kamar mai neman makunnin fitila.

Hajiya Talatu ta matso daga bakin ƙofa, kusa da raga, ta ce a hankali:

"Ranka ya daɗe, mu nan ta gefe muke fita. Ku a Sifen ta sama ake ɗauko ku?"