Farfesan Tsutsa Ya Yi Baƙi

Duk wanda bai san Alhaji Sharfuddeen na Kazaure ba, laifin kansa ne, don shi dai Alhaji ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya buga kati mai ruwan zinare. Ya kafa allo a bakin titi, wanda ya fi ƙofar gonar tasa faɗi. A jikin allon an zana shi da babbar riga, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya yana nuna sama, ga tarwaɗa biyu a gefensa suna kallonsa cike da ladabi. A ƙasa an rubuta: Uban Kiwon Kifin Zamani. Mutanen gari kuwa, da yake ba su da lokacin doguwar magana, Farfesan Tsutsa suke ce masa. Da ya ji, sai ya ɗauki Farfesan ya ƙara a katinsa, ya bar musu ragowar.

Ilimin nasa ba ƙarami ba ne, na kwana uku ne cur. Bayan ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma ya haƙa ramukan kifi huɗu, sai tsadar abincin kifi na buhu ta nemi ta kwantar da shi. Ana cikin haka aka kira wata bita a Kano, inda aka koyar da yadda ake kiwon wani baƙin ƙuda da ake kira ƙudan soja. Ƙudan ba ya cizo, ba ya sauka a tuwon mutane. Ƙwai kawai yake yi, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta ci dusa da ruɓaɓɓen tumatir ta yi ɓul-ɓul, a watsa wa kifi. Waɗanda suka zauna kusa da Alhaji sun ce ya bi darasin da idanu a rufe, saboda zurfin tunani. Ya dawo da takardar shaida, da hula, da ɗan littafin bayani.

Takardar ya rataye a falo, hular ya ɗora a gaban mota. Littafin kuwa matarsa Hajiya Zara ce ta tsince shi a aljihun rigar wanki, ta karance shi tas. Ita ta ɗinka ɗakin raga na ƙudajen, ita ke aikawa kasuwa a kwaso ruɓaɓɓen kayan miya, ita ke tace tsutsa da rariya kullum safiya. Wata takwas tana wannan fama har kifi suka yi ƙiba, gona ta daina sayen buhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhaji bai taɓa leƙa ɗakin ragar ba, kuma yana da hujja: farar shadda yake sawa.

Amma a baki, wa ya kai shi? Ranar kasuwar Gwiwa ya tare wani mai sayar da wake da bai tambaye shi komai ba, ya ce, “Ka gane, malam, mu masana abin da muke kira furotin, shi ne ginshiƙin al'amari. Ni na zauna na yi nazari, na ga cewa tsutsa ita ce makomar Afirka. Yau ko Turawa sai sun bugo mini waya.” Mai wake ya ce Allah ya ƙara basira, ya ci gaba da awonsa.

Sai ga labari ya zo cewa wata ƙungiyar bunƙasa noma za ta zagaya Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ta zaɓi gona guda ta zama gonar koyi, inda za a riƙa kawo manoma su ga yadda ake kiwon ƙudan. Mai gonar kuma shi zai shugabanci masu kiwon kifi na yankin. Alhaji ya ji kujerar nan har cikin ƙashinsa. Abokin takararsa ɗaya ne, wani Malam Musaddiƙ na Roni, mutumin da ke kiwon tsutsarsa a tsofaffin bahuna, ba allo, ba kati. Alhaji ya ce, “Wannan ai ko gaisawa da manyan baƙi bai iya ba.”

Ana jibi baƙi za su zo, ƙanwar Hajiya Zara ta haihu a Babura, dole ta tafi. Tana saka mayafi tana cewa, “Alhaji, don girman Allah kada a taɓa komai. Na zuba wa tsutsa abincin da zai kai ta. Kai dai ka buɗe ƙofa ka nuna wa baƙi.”

“Hajiya,” in ji shi, “kifi za ki koya wa iyo?”

Washegari, a karo na farko a tarihi, Farfesa ya taka har bayan gona. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Ƙudaje baƙi ƙirin sun lulluɓe raga. Bahuna cike da ruɓaɓɓen tumatir, abu na motsi a ciki. Ga wani tsami da ya daki hancinsa. Ya toshe hanci da gefen rawani yana salati. A ce manyan mutane, masu zuwa da mota mai sanyi, su tarar da ƙuda a gidan Sharfuddeen? Ai ko baƙon ƙauye za ka yi, sai ka share tsakar gida ka yi feshi ka kunna turare. Haka ya tashi ya ga ana yi, kuma haka ake fita kunya.

Ya aika aka kira masu feshin gona biyu da injinansu a baya, ya sayo maganin ƙwari fiya-fiya kwalba shida. Ya tsaya daga nesa yana ba da umarni da sanda: a fesa raga ciki da waje, a fesa bahuna, a bi kowane lungu. Ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarfin hali ya ce, “Ranka ya daɗe, ba waɗannan ne ake kiwo ba?” Alhaji ya dube shi da tausayi. “Tsutsa ake kiwo, malam. Ƙuda ƙazanta ne. Ka bar ilimi ga masu shi.” Kafin la'asar an share gawar ƙudaje kwando biyu, an kunna turaren wuta a ɗakin raga, an shimfiɗa darduma.

Baƙi suka iso da hantsi, su biyar, wata Malama Halimatussa'adiyya ce ke jagorantarsu, da littafin rubutu a hannu. Alhaji ya tare su a bakin ramin kifi na farko. Don a fara da abin burgewa, ya sa aka ɗebo tsutsar jiya cike da bokiti, wadda ta yi lamo ba ta ko motsi, ya watsa wa kifi da hannunsa, a rami ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaukar hoto. Sannan ya gyara tsayuwa ya buɗe jawabi. Ya faro daga haihuwarsa. Ya bi ta makarantar firamare, inda ya ce tun a lokacin malamai suka hango wani abu a goshinsa. Sa'a guda da rabi yana zuba, bai ma iso bitar Kano ba.

Malamar ta samu ya tsaya shan ruwa, ta ce, “Alhaji, ko za mu ga ƙudajen?”

Ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar da yake jira. Ya kai su ɗakin raga, ya yaye labule. Ƙamshi ya bugo su. “Malama, ki duba da kyau. Wanda ya nemo mini ƙuda ɗaya a gonar nan, na ba shi rago. Ko asibiti albarka. Jiya na sa aka yi musu feshi, har cikin bahunan.”

Ta daina rubutu. “Har bahunan tsutsar da ka ba kifi yanzu?”

Babu wanda ya jira amsa, duk suka juya da sauri. A ramin farko tarwaɗa sun taso saman ruwa, fararen cikkuna a sama, suna juyi a hankali. Haka na biyu, haka na uku. Ni da nake ba ku labarin nan, wallahi a nan dariya ta tsaya mini, don Hajiya Zara na tuna, da rariyarta, da wata takwas ɗinta. Alhaji kuwa ya leƙa, ya gyara rawani, ya ce, “Haka suke yi idan sun ƙoshi.”

Garin gyaran gira an rasa ido. Baƙi suka shiga mota suka nufi Roni, ko lemon da aka jera musu ba su buɗe ba. Malam Musaddiƙ ya zama shugaba. Hajiya Zara ta dawo ta tarar ana binne kifi, ta tsaya ta kalli mijinta kallo ɗaya. Da ta samo sabon ƙwan ƙuda daga Roni, sai ta sayo kwaɗo ta garƙame ɗakin raga, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Kada dai a ce ilimin Farfesa ya tafi a banza. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, manoman wake uku suka yi takakkiya daga Gwiwa, suka yi sallama a ƙofar gidansa. Ya fito da babbar riga, ya sa aka kawo kujera, ya zauna ya ce su faɗi abin da suke so su koya game da kiwon kifi.

Babbansu ya durƙusa ya ce, “A'a, ranka ya daɗe, ba kifi ba. Ƙwari ne suka dame mu. Mun ji an ce in kai ka sa hannu, ko ɗaya ba ya saura.”