Salwa Masu Amsa Sallama

Ko na so in manta da wata safiyar Asabar a Hatta, can ƙasar Larabawa, ba zan taɓa iyawa ba, domin Kawu Alhaji ya ɗauke ta tamkar tarihin gidanmu, duk baƙon da ya shiga shagonsa na jakunkuna a unguwar Naif sai ya ba shi labarin.

Shekara biyu na yi a shagon nan ina ɗaure kaya, da digirina na kiwon dabbobi a ƙasan akwati. Sai Allah ya kawo wata gona a gindin duwatsun Hatta, inda ake ƙyanƙyashe 'yan tsakin salwa a raine su, in sun yi ƙwari a sake su a daji. Ranar ganawa na cika baki sosai. Na ce ai ni tsohon hannu ne, lokacin da Kano ta rikice da shan ƙwan salwa, tsuntsaye ɗari biyu na ajiye a bayan gidanmu (ban faɗa musu yadda ɓeraye suka raba mu ba). Dakta Shaima, Balarabiyar da ke shugabantar wurin, ta ba ni gwajin wata uku da keji ɗaya. In tsuntsayena suka shiga daji suka zauna, aiki ya tabbata. In ba haka ba, in koma ɗaurin jaka.

Dokar aikin ɗaya ce, kada tsuntsu ya saba da mutum. Salwar da ba ta tsoron mutum ba ta tsoron shaho ko kyanwar daji, ba ta kwana uku a waje. Don haka za ka zura wata doguwar riga mai launin ƙasa, ka rufe fuska, ka zuba abinci, ka fito ba tare da ka ce uffan ba. Mai kejin kusa da nawa, Malam Isufu, wani dattijo ɗan Maraɗi, haka yake shiga ya fita kamar mai bin bashin iska.

Ni kuwa tarbiyya ta yi mini yawa. Tun ina yaro ko ɗakin da babu kowa na shiga ba sallama sai Innarmu ta mayar da ni ƙofa. To yaya zan faɗa wa rayuka tamanin haka kawai kamar ɓarawo? Na yi wa kaina fatawa cewa sallama ba magana ba ce, addu'a ce. Kullum safe da yamma, kafin in zuba abinci, sai in ce "Assalamu alaikum" a hankali. Da tafiya ta yi tafiya har da "kun tashi lafiya" nake ƙarawa. Su kuwa da sun ji sai su taho da gudu, ni kuma zuciyata fari ƙal, ina ganin hannuna ne ke da albarka. Sau ɗaya Malam Isufu ya ji ni, ya ce wannan gaisuwar za ta jawo mini magana. Na yi dariya, na ce a raina mutumin Nijar zai koya wa Bakano kiwon salwa?

Ranar saki na gayyato Kawu Alhaji da abokansa uku daga Naif, suka sha hanya tun da sassafe cikin manyan riguna. Ga mai gonar, ga iyalai masu yawon ƙarshen mako sun tsaya da wayoyinsu. Aka buɗe akwatunan Malam Isufu, nasa suka yi fir, ko ƙurarsu ba a gani ba. Aka buɗe nawa. Suka fito suna waige-waige, suka ɗan yi jim, daga baya suka sulale cikin ciyawa. Na sauke ajiyar zuciya, na kalli Kawu da irin kallon nan na ka ga ɗanka.

A nan ne Dakta Shaima ta miƙo mini lasifika, ta ce sabon ma'aikacinmu zai yi wa baƙi ɗan bayani. Na gyara hula, na yi gyaran murya, kuma da yake ni ɗan mutunci ne, na buɗe da abin da kowane ɗan mutunci ke buɗewa da shi.

"Assalamu alaikum warahmatullah."

Mutane suka amsa. Ciyawa ma ta amsa. Na ga ta fara motsi, sai ga kai ɗaya, sai ga biyar, sai ga runduna guda tana sheƙo gudu ta tsakanin ƙafafun baƙi. Suka kewaye ni suna tsattsagar takalmina, ɗaya ta haye kan ƙafata ta zauna abinta. Na ja da baya suka biyo ni. Na yi dama suka yi dama. Yara suna ta ƙyalƙyala dariya, wayoyi duk sun juyo kaina, ni kuwa gumi ya jiƙa ni a cikin wannan sanyin na duwatsu. Sai muryar Kawu ta fito tar.

"Mu an ce mana aikin gona ka samu, ashe limanci ne."

Dakta Shaima ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni me nake ce musu a keji, na faɗa mata gaskiya kaina a ƙasa. Ta ce da lasifikar nan ba ta tona ni ba, da kafin Talata babu ko ɗaya a raye. Wannan maganar ta fi dariyar yi mini ciwo, don har ga Allah ina son tsuntsayen nan. Abin da ya ƙara kunyata ni, da aka zo mayar da su akwati ba a sha wahala ba, tsugunawa kawai na yi a bakin ƙofa na sake sallama.

Na riga na fara tunanin igiyar ɗaure jaka, sai Malam Isufu ya sa baki. Ya ce mata tun da ni na ɓata su, ni ya kamata in gyara, a ba ni sati biyar. Ta ce halas, wato shi ke nan, sati biyar. Abinci ya koma ta bututu daga waje. Aikina kuma in faɗa kejin ba zato, ba riga, ba sallama, ina kaɗa tsohon buhu ina jan wani shahon roba a igiya. Kwanakin farko tsayawa suke suna kallona kamar in ce sun ji tausayina. Nakan fito in zauna a bayan keji, raina a jagule. A sati na uku suka fara ɓuya.

Saki na biyu ban gayyaci kowa ba. Na ɗaga murfin akwati, suna ganin fuskata suka tashi gaba ɗaya, suka bi kwarin da ke gangarawa wajen dam, babu wadda ta waiwayo. Idona ya ciko, ban san ko murna ce ko haushi ba. Malam Isufu ya dafa kafaɗata, ya yi magana da ɗan surkin Faransanci irin nasu na Nijar.

"Bon, barka Bakano. Yanzu kam sun tsane ka."

A makon nan aka tabbatar mini da aiki. Bayan wata biyu muka ga wata uwa da 'yan tsaki shida a bakin ruwa, da zoben shaidar da muka sa wa tsuntsayen kejina a ƙafarta, tana hango ni ta kwashe 'ya'yanta ta shige duhuwa. Abin da na koya shi ne, wani rainon ba ka iya shi ba sai ranar da abin da ka raina ya gan ka ya ruga. Ni dai ban taɓa jin daɗin wulaƙanci irin na ranar ba.