Faifan da Angon Kaka Ya Share

"...da gajiya, tsohuwa? Wa ya tsallakar da ke titi?"

"Ƙafata, ja'iri. A zaune kake gaishe ni? Miji kenan ko hoton miji?"

Kaka ce ta faɗo shagon jikanta mai gyaran kwamfuta, wanda tun yana zanen goyo take kira Angona. Shi kuwa Ango yau bakinsa kaɗai ke wasa. A kan teburinsa akwai wani ɗan allon kwamfuta, bai fi tafin hannu ba, an jona masa faifan ajiya biyu. Tsohon faifan na ɗauke da muryar marigayi kakansa, wadda ya kwaso daga kaset-kaset kafin danshi ya cinye su, yanzu ko ɗaya ba ya magana. Ya yi wa Kaka alkawarin akwatin da za ta danna maɓalli ɗaya ta ji mijinta. Sabon faifan kuma don kwafi ya sayo, gudun ɓacin rana.

Da safe ya kashe allon ya kunna. Shi allon nan, faifan da ya riga farkawa shi yake kira na ɗaya, sai sunayen suka juye. Ango bai duba ba. Ya ce a share sabo tas kafin a zuba masa kaya, aka share tsoho. Awa uku yana lalube, ko tari bai samu ba.

"Ina akwatina?" in ji Kaka. "Na zo ɗaukar mijina na gaskiya, na huta da jabu."

"Me za ki yi da murya, ke da ba kunne? Jiya aka yi tsawa kika ce a shigo."

"Na ji ka ai, mai kunnuwan jemage. Kunna min."

"Allon ba ya aiki a gaban tsofaffi. Tsoro yake ji."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Wannan ɗan abin kamar marfin gwangwani, shi zai ji tsorona?"

"Wutar ce ba ta ishe shi ba."

"Wutar da ta ishi fankarka? Kai, gumin me kake yi?"

"Kyawunki ne ya ruɗa ni."

"Shekara talatin kana ganin kyawun nan ba ka yi gumi ba. Ango, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya dubi faifan biyu, iri ɗaya kamar tagwaye, ya ji ya tsani hannunsa. Ƙarya ta ƙare masa.

"Kaka, na share shi. Wancan na nufa, wannan ya tafi. Babu abin da ya rage."

"Duka? Har inda yake min faɗa a kan makulli?"

"Har nan."

Ta shiga murza bakin mayafinta. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

"Garin neman gira," ta ce a hankali, "ka tsone ido. Mutuwa ta ɗauki mutum ta bar min murya, kai ka zo ka ƙarasa mata aiki. Ko ɗan ƙyalle ba ka ɗaura wa ɗaya ba? Ni da ban yi boko ba, tulun sha daban, na wanki daban."

"Ki sake ni kawai, Kaka. Ban cancanci auren ba."

"In sake ka in auri wa? Kai ne ka ji kaset ɗin nan sau ɗari. Faɗa min yadda ya fara."

Ya kumbura murya irin ta kakansa: "To, abin nan yana ɗauka kuwa? Ke, ina kika jefa min makullina?"

Kaka ta fashe da dariya, hawaye na bin kuncinta.

"Tir! Kamar ɗan akuya ya sha sanyi. Sake faɗa."

Ya sake. Ta buɗe jaka, ta ciro tabaran marigayi da ba ta taɓa bari kowa ya taɓa ba, ta dangwara masa a hannu.

"Ungo, makaho ya fi ni buƙata. Gobe ka zo gida da wuri, akwai sauran faɗan."