Kan Daudawa da Kan Ketare

"…Lafiya lau, angon ƙarfe. Ka kwana da baƙin mai, ka tashi da baƙin mai, sannan ka zo gaishe ni hannu biyu?"

Hajiya Saudatu ke nan, zaune kan tabarma a rumfar injin niƙanta a Ruwan Godiya. Injin na marigayi mijinta ne, mai silinda biyu, kowace da nata kan, ɗaya kan kuma ya tsage tun damina. Ɗanta Yahuza ya ce in bai tashi ba zuwa Juma'a, 'yan gwangwan za su ɗauke shi. Shi ya sa jikanta Abdulgafar, da ya dawo daga karatun kanikanci a Kaduna, ya yini biyu yana yawon neman kai. Ya samo biyu: na garin Daudawa mai sheƙi, da na garin Ketare duk tsatsa.

"Hajiya, kai na kawo maki. Har biyu, tunda naki ya kwana biyu."

"Nawa ya haifi ubanka da hankalinshi. Wane za ka ɗora?"

"Na Daudawa mana. Dube shi, kamar ni."

"Shi ya sa ban yarda da shi ba."

Abdulgafar ya jera kawunan a ƙasa, cikinsu na kallon sama, har da lafiyayyen na injin. Ya nuna mata ramin da ke cikin kowane, ya ce dole ramin sabon ya zo daidai da na tsohon, in ba haka ba silinda ɗaya za ta fi ɗaya ƙarfi, injin ya riƙa ɗingishi har ya ci kanshi. Ana cika ramin da mai ne da sirinji a auna. Ya laluba aljihu, wayam. Ya bar sirinjin a Faskari.

"To malamin Kaduna, mi ya faru?"

"Ma'aunin ne na manta."

"Shekara ukku kana cin shinkafar gwamnati, ashe allura ka koyo. Miƙo mani cokalin can da kwalbar man gyaɗa."

"Wannan ba tuyar ƙuli ba ce, tsohuwa."

"Shekara arba'in ina auna mai, ba wadda ta taɓa dawo mani da shi. Riƙe mashi kai, kar ya karkace kamar naka."

Ya riƙe. Ta shiga zuba man cokali-cokali. Kan injin ya sha cokali bakwai, ya cika fal. Na Daudawa ya sha bakwai, ya nemi ƙari, sai da ta kai tara.

"Ka gani? Kyau a waje, ciki rami. Dangin ubanka sak."

"Ai ke kika haife su."

"Gefen kakanka suka biyo."

Ta juya kan na Ketare. Abdulgafar yana ƙirgawa a zuci. A na bakwai man ya tsaya daidai baki, bai zuba ba.

Ya daɗe yana kallonshi, sannan ya fashe da dariya. "Na sallama, Hajiya. Mai tsatsan ne. Yau zan wanke shi, gobe ki ji kukan injinki. Baffa Yahuza ya nemi wani ƙarfen."

Ta goge cokalin da bakin zane, ta kau da fuska na ɗan lokaci. Sannan ta tura mashi kwanon ƙuliƙuli.

"Ci biyu. Na ukku sai injin ya tashi."